Sanduna Biyu da Tabon Hannuna

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Hannuna ba ya sauri da biro, don a aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, shekarar da ciwon kunne ya kwantar da ni. Da na warke, kunya ta hana ni komawa in zauna cikin yaran da na girme. Ga shi kuma labarin bai fito da ni da kyau ba. Amma abin ya ƙi barina in huta, ni kuwa da baki ban iya magana ba. Jarrabawar Yaya ma ba a yi ta ba tukuna, saboda haka kada a tambaye ni ko ta ci.

Mu uku ne a gidan: Mama, da Yaya, da ni da suke kira Auta. Ɗaki biyu da falo ne a saman bene, tagar falon tana kallon bayan wani garejin gyaran mota. Ni guga nake yi a shagon wanki da ke ƙarshen layinmu, can ɗakin baya inda ba mai shigowa sai mai shagon. Aikin ya yi mini daidai, don riga ba ta tambayar mutum komai. A nan ne dutsen guga ya ƙone ni a wuyan hannun hagu, ya bar mini tabo mai sheƙi, tsawon ɗan yatsa.

Yaya kuwa ta yi jami'a. Ita ce mai kula da sito a wani kamfanin rarraba magunguna. Ta girme ni sosai, ita ta goya ni, kuma har yau ita ce bakina a asibiti da kasuwa.

A farkon shekarar nan kamfanin ya ce zai tura ma'aikaci ɗaya ƙaro karatu, in ya dawo a ba shi ofis. Sharaɗin shi ne mutum ya kawo maki mai kyau a wata jarrabawa da ake yi a kwamfuta, kuma zama ɗaya aka ba kowa. Sunan Yaya ne a gaba. In ba ta kawo makin ba, sai a ba na bayanta, wani ma'aikaci da ita ta koya masa yadda ake jera kwali. Yaya ta daɗe a siton nan, cikin sanyin na'ura da tsayuwa, har gwiwoyinta sun fara ciwo. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Amma ranar da ta kawo labarin, sai da ta yi rawa a tsakiyar falo da takalmin aiki a ƙafarta.

Ta shiga lesin na yamma a wani bene da ke saman shagon sayar da waya. Ta sayo littafi mai kauri kamar bulo. Sauran ɓangarorin ba su dame ta ba, sai guda ɗaya da ya zame mata ƙarfen ƙafa.

"Wannan ɓangaren ba amsa ake nema ba," in ji ta, tana yi mana bayani ni da Mama. "Za a yi miki tambaya a kan wata ɓoyayyar lamba, a ba ki bayani guda biyu. Ke kuma ki faɗi ko bayanin ya wadatar a amsa tambayar, ko bai wadatar ba."

Mama ta ɗago daga ɗinkin da take yi. "To su da suka ɓoye lambar, me ya hana su fito da ita kowa ya huta?"

"Sai ki je ki tambaye su, Mama."

"Ba ni kuɗin mota mana, ki gani in ban je ba."

Amsoshin suna shafukan ƙarshe na littafin, haruffa ne kawai a jere, kowane da lambar tambayarsa. Yaya ta kasa hana idonta leƙawa. Rannan ta ɗauko reza ta yanke shafukan, ta miƙo mini.

"Auta, daga yau ke ce alƙaliya. Ai kin san A daga B?"

"Na sani."

"To sai na gama na faɗi harafina, sannan ki ce daidai ko ba daidai ba. Ko ƙasa na faɗi ina birgima, kada ki nuna mini takardar nan."

Ta koya mini ma'anar haruffan har na haddace. A, bayani na farko kaɗai ya wadatar. B, na biyu kaɗai. C, sai an haɗa su. D, kowanne ya wadatar da kansa. E, ko an haɗa su ba su wadatar ba.

Haka muka fara zama duk ranar da ba ta da lesin, in mun dawo aiki, kafin rana ta faɗi. Ita a gefen teburi wajen taga, ni a ɗaya gefen, takardun a tsaye a gabana na jingina su da gwangwanin sukari don kada ta gani, hannuwana a kan teburi. Malamin lesin ya ce mata ta riƙa yin tunaninta da baki, wai wanda ya ji muryarsa ya fi gane inda ya karkace. Saboda haka duk abin da ke kanta ina ji. Ni kuma harafin yana gabana. In harafin C ne, ta ce na farko ya wadatar, tun a nan na san ta kama hanyar da ba ita ba.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne lamba a tsakanin wasu sanduna biyu a tsaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wata rana na tambaye ta na mene ne.

"Lallai! Yau bango ya yi magana." Ta ajiye fensir. "In na ce miki gidan mai kitso gida huɗu ne daga famfon layinmu, za ki iya zuwa?"

"Ta wane gefe? Wajen gareji ko wajen titi?"

"Shi ke nan, kin gama karatun. Famfon shi ne sifili. Sandunan nisa kawai suke faɗa, ba sa faɗin gefe. In aka ce lambar da ke cikinsu ta ba da huɗu, to ko huɗu ce ta sama da sifili, ko huɗu ta ƙasa da sifili. Ni kuma kullum sai in manta da ta ƙasan."

"Ke dama na ƙasa da ke ba kya tunawa da su," in ji Mama. "Dubi siket ɗin ƙanwarki yadda ya koɗe."

Ina tuna wata tambaya a kwanakin. An ce, shin ɓoyayyar lambar ta fi sifili? Bayani na farko ya ce a cikin sanduna huɗu take bayarwa. Yaya ta ce, "Ai huɗu ta fi sifili, ya wadatar." Sai ta ɗaga fensir daga takarda. "Tsaya. Akwai ta ƙasan. Ɗaya ta ce e, ɗaya ta ce a'a. Bai wadatar ba." Bayani na biyu ya ce lambar ba ta kai biyu ba. Wannan ta gane da kanta: tana iya zama ɗaya, tana iya zama can ƙasa, bai wadatar ba. Ta haɗa su. "Huɗu ta sama ta fita, don ta wuce biyu. Saura ta ƙasa. Ke nan lambar ba ta fi sifili ba. Ba ta fi ba, to ba su wadatar ba, E." Ta sake ɗaga fensir ɗin. "Tsaya, tsaya. Ai a'a ma amsa ce. An tambaye ni, na ce a'a, kuma na tabbata. C."

"Daidai," na ce.

Ta bugi teburi har gwangwanin sukari ya yi tsalle.

Daga nan abin ya yi ta gyaruwa. Da wuya in ce ba daidai ba. Yaya ta koma cin abinci da kyau, ta daina tashi da ciwon kai. In maƙwabciyarmu ta shigo aron wani abu, sai ta nuna ni ta ce, "Gaida malamata." Ni kuma in sunkuyar da kai, amma daɗi har cikin raina. Tun da nake ba a taɓa zama ana jiran abin da zai fito daga bakina ba.

Mama ce ta ɓata mini wannan daɗin. Muna kicin, ina wanke kwanuka tana ɗaurayewa.

"Ni ma fa na iya lissafin yayarki."

Na yi dariya, don Mama ko sunanta ba ta rubutawa.

"Dariya kike? Duk inda ta ɓata, kafin ta gyara na sani." Ta kamo hannuna na hagu da kumfarsa, ta juya shi. "Da ta kama hanyar banza, sai ki sa babban yatsa ki hau murza tabon nan. Ita kuma sai ta ce tsaya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ke naki a hannu yake."

Na janye hannuna. "Ta sani?"

"Ina fa ta sani. Idonta na kan littafi, amma gefen ido ma ido ne. Ranar jarrabawar a jaka za ta saka ki ta tafi da ke? Ki faɗa mata, ko in faɗa mata."

"Zan faɗa mata."

Ban faɗa mata ba. Na ce a raina, in na daina shi ke nan, ba sai an yi magana ba. Washegari na zauna a kan hannuwana, na danne su da cinya. Mama ta kalle ni ta yi murmushi, ta ɗauka an yi maganar. A ranar ne kuma aka zo aka tafi da ita gidan Gwaggo, wadda aka yi wa aiki a ido, don ta zauna da ita har ta warware. Gidan ya rage daga ni sai Yaya.

Tambayar farko mai sanduna, Yaya ta manta da ta ƙasa, ta wuce abinta. Na jira ta ce tsaya. Ba ta ce ba.

"D," in ji ta.

"Ba daidai ba."

"Me kika ce? Ɗaga murya."

"Ba daidai ba, Yaya."

Ta biyu ma haka. Sai ta tsorata, ta koma duk inda ta ga sanduna ta ce bai wadatar ba, ko ba ta duba ba. Nan ma ta yi ta ɓatawa. Kowane "ba daidai ba" da na faɗa, sai in ji kamar ni na mare ta. Can ta ajiye fensir ta riƙe kanta da hannu biyu.

"Ashe dai ban iya ba. Auta, ko na tsufa da karatu ne?"

Hawaye ya ɗiga a kan shafin, tawadar ta ɗan baje.

"Gara in je gobe in ce wa manaja ya ba wancan ma'aikacin. Da in je in kunyata a gaban kowa, gara in janye da mutuncina."

Ban taɓa ganin Yaya tana kuka ba sai ranar rasuwar Baba. Ta share fuska da bayan hannu, ta ce bari ta gwada guda ɗaya ta ƙarshe. Ina kallonta ta fara karkacewa. Na zaro hannuwana daga ƙarƙashin cinya, na ɗora su a kan teburi, na sa yatsa a kan tabon.

"Tsaya," in ji Yaya.

Wancan na baya ban sani ba nake yi. Wannan da sanina na yi.

Na ce wa kaina na yau ne kawai, ta samu ta yi barci. Gobe ta zo na ce na gobe ne kawai. Har na ƙware, na san lokacin da zan fara da lokacin da zan ɗauke yatsa. Yaya ta ce rannan gajiya ce ta sa ta ɓata, ta koma dariyarta. Ni kuwa a shago sai in tsaya ina goge hannun riga ɗaya har mai shago ya leƙo ya ce, "Ke, rigar ta yi miki laifi ne?" Kullum a hanyar dawowa ina shirya maganar a bakina. In na hawo bene na same ta ta riga ta jera littafi da fensir, har ta dafa mini shayi, sai maganar ta koma ciki.

Wata yamma ta dawo daga lesin da wuri, tana huci.

"Na bar wa mutumin nan lesin ɗinsa."

"Me ya faru?"

"Wai ban shirya ba. Wai in zaɓi rana ta can ƙarshe, in ƙara zama. Na ce masa a gida cinye su nake yi. Ya ce shi abin da ya gani a aji ya sani. To aji hayaniya, ga fanka na ƙara, ga masu tari, wa zai yi tunani a nan? Na ce masa ya riƙe iliminsa, ina da mai koya mini a gida." Ta dafa kaina. "Na riga na zaɓi rana ta kusa, in yi in huta."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ta tsaya tana kallona da fara'a, tana jira.

"Shayin zai huce," na ce.

In mutum ya yi rajistar jarrabawar, suna ba shi gwaji ya yi a kwamfuta, irin na gasken. Yaya ta bar nata sai da ranar ta matso, ta yi shi a ofis bayan an tashi. Ta shigo gida rana ta yi ja, ba sallama. Ta zauna a kujerar teburi da takalminta da jakarta a kafaɗa.

"Na yi gwajin."

Na jawo kujerata na zauna.

"Ko'ina na yi ƙoƙari. Wannan ɓangaren ne ya ja ni ƙasa, ƙasa sosai. Da wannan makin ko sunana ba za su duba ba." Ta kalli taga. "Abin mamaki, Auta, da na ga sanduna sai in tsaya ina jira. Ban san me nake jira ba. Lokaci yana tafiya ni ina zaune ina jira."

"A ɗaga ranar mana."

"Na tambaya. Lokacin ɗagawa ya wuce. Mako mai zuwa ne." Ta sauke jakar. "Ko kwamfutar ce take ruɗa ni? Ɗauko takardun. In a gida ina yi, to tsoro ne kawai, shi kuwa tsoro yana da magani."

Na ɗauko. Na jingina su da gwangwanin sukari. Na ɗora hannuwana a kan teburi. Na san in na bar ta ta tashi daga kujerar nan da maganar tsoro, da ita za ta shiga ɗakin jarrabawa. Na kuma san bakina ba zai iya ba.

Ta karanta tambaya. Shin lambar ta fi sifili? Bayani na farko: in an cire uku daga lambar, aka sa abin da ya rage a cikin sanduna, biyu yake bayarwa. Na dubi takarda. A.

"To," in ji Yaya, a hankali. "Yanzu famfon ya koma kan uku. Nisan lambar daga uku biyu ne. Ta sama biyar, ta ƙasa ɗaya. Ban san wacce ba ce. Amma ba a ce in faɗi lambar ba, an ce ta fi sifili? Biyar ta fi, ɗaya ma ta fi. Duk inda na bi, e ce. Ya wadatar." Bayani na biyu ya ce lambar ba ta kai goma ba. "Wannan ba komai, tana iya gangarawa ƙasan sifili. Bai wadatar ba. Ke nan A..."

Ita kaɗai ta yi shi, tsaf, ban motsa ba. Kafin ta rufe baki na sa yatsa a kan tabon, na murza.

"Tsaya," in ji ta.

Na ci gaba da murzawa. Ina kallonta tana rushe abin da ta gina da hannunta.

"A'a. Lamba biyu na samu, biyar da ɗaya. In lamba biyu ce ai bai wadatar ba. In na haɗa da na biyun ma, duka ba su kai goma ba, suna nan su biyu. E. E ce."

Na ɗauki takardar, wadda ta ce ko tana birgima kada in nuna mata, na ajiye a gabanta. Na sa yatsa a ƙarƙashin harafin.

Ta duba. Ta sake dubawa. "Amma ai A na ce da farko."

"E."

"To me ya sa na sauya?"

Na ɗaga hannuna na hagu daidai fuskarta, na sa babban yatsa na murza tabon.

Ta daɗe tana kallon hannun. A gareji wani yana ta buga ƙarfe. Na ga lokacin da abin ya shige ta, don kafaɗunta ne suka fara sauka.

"Shi nake jira," ta ce, ba da ni take ba. Sannan ta dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun farko. Ban san ina yi ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Kafin Mama ta tafi. Ita ta gani."

"Kafin Mama ta tafi." Ta gyaɗa kai. "Kafin in bar lesin ke nan. Kafin in zaɓi rana."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗago ki dube ni. Ina tsaye a nan ina ba ki labarin rashin kunyar da na yi wa malamin nan, kina jina, kika ce mini shayi zai huce?"

"Na daina rannan, Yaya. Sai kika yi kuka."

"To in yi kuka mana! Kuka kashe mutum yake yi?" Ta miƙe, kujerar ta faɗi baya. "Lokacin ciwon kunnenki wa yake goya ki zuwa asibiti? Kina ihu kina yaƙushina, kina cewa Yaya kada a yi mini. Na hana a yi miki allurar don kina kuka? Ni nake danne ki!"

Na kalli kujerar da ke kwance a ƙasa.

"Da duka kika yi mini da ya fi." Muryarta ta yi ƙasa. "Na ba ki takardar nan don ke kaɗai na san ba za ki cuce ni ba."

Ta tattara littafin da takardun amsar, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ba bugawa ta yi ba, a hankali ta rufe. Na ɗaga kujerar. Na zuba mata abinci na rufe na ajiye a bakin ƙofa, a nan ya kwana.

Da safe kafin in fito daga wanka ta tafi aiki. Na sa kayana na je shago. Mai shago yana rataye riguna, na tsaya a bayansa har ya juyo.

"Ina so in je wani wuri. Zan dawo in gama na yau ko da yamma ce."

Ya kalle ni da mamaki, don ban taɓa neman fita ba. "Lafiya dai?"

"Da sauƙi."

"Je ki."

Ban taɓa zuwa wurin lesin ba, amma na san shagon wayar. Matakalar ta ƙarfe ce, a gefen ginin, tana ƙara in an taka. A sama akwai ɗaki mai benci da farin allo, ƙofar a buɗe, 'yan ajin safe suna ciki. Ina tsayawa duk suka juyo. Ƙafata ta ce in koma. Na riƙe ƙarfen matakalar da hannu biyu, na tsaya.

Malamin dattijo ne, siriri, da tabarau a saman goshi. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"'Yammata, rajista ce?"

"Ina kwana, Malam. A'a. A kan yayata na zo. Mai aiki a siton magani."

"Oho. Wadda ta sallame ni."

"Ba laifinta ba ne."

Na faɗa masa. Maganar ta fito a karkace, na fara ta ƙarshe na koma farko, sau da yawa yana cewa in ɗaga murya, har na san na bencin gaba suna ji. Bai yi dariya ba. Ya sauko da tabaraunsa kan hanci ya dube ni.

"Ita ta aiko ki?"

"Ba ta san na zo ba."

"Yaushe ne jarrabawar?"

"Mako mai zuwa."

Ya ja numfashi ya kalli ajinsa. "Kwanakin sun yi kaɗan. Ba zan ce miki za ta ci ba. Amma yayarki ba ta rasa kai ba, saurin yarda da kanta ne ba ta da shi, sai saurin fushi." Ya ninke tsumman. "Ina da sarari kafin 'yan yamma su zo. Ta zo yau, ta zo da littafin da takardun amsar duka, a hannuna za su zauna. Ke kuma kada in ga ƙeyarki a nan."

"To, Malam. Na gode. Za ka kira ta?"

"Ni? Ita ta ce in riƙe ilimina, ina nan ina riƙe da shi. Ke da kika ɓata, ke za ki je ki faɗa mata."

Na sauko. Kamfanin su Yaya yana da nisa, na shiga mota na sauka a bakin babban titi, na ƙarasa da ƙafa. Mai gadi yana zaune a ɗan ɗakinsa yana jin rediyo. Ya tambaye ni wa nake nema, na faɗa, ya ce bai ji ba, na sake faɗa. Ya buɗe ƙaramar ƙofa ya nuna mini wani dogon gini a baya.

Cikin siton sanyi kamar firji, kwalaye jere har rufi, na'ura tana ƙugi. Ma'aikata biyu suna tura kaya a amalanke, suka tsaya suna kallona. Can ƙarshen layi na hango Yaya a kan tsani, ta ba ni baya, tana gyara wani kwali. Daga inda nake ba za ta ji ƙaramar murya ba.

Na cika ƙirjina da iska na ce, "Yaya!"

Ta juyo.